Gwiwar ɗana ta kumbura: mai ɗori ko hoton asibiti?

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ya faɗi a wajen ƙwallo, wata biyu ke nan gwiwar tana ciwo. Ta kumbura, da dare ba ya barci. Kakarsa ta ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori, likita kuma ya rubuta hoto, har da MRI, wato hoton babbar na'ura mai nuna tsoka da cikin ƙashi dalla-dalla. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Da wanne zan fara? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara da hoton ƙashi na X-ray a makon nan, shi ne mafi araha. Targaɗe yana sauƙi cikin 'yan makonni. Ciwon da ke ƙaruwa har ya tashi yaro daga barci ba a zuba masa ido.

Yawanci irin wannan ba ciwon daji ba ne. Sikila da ƙwayar cuta a cikin ƙashi duk suna kawo haka. Amma akwai dajin ƙashi da ake kira osteosarcoma, wanda ba shi da yawa, ya fi kama masu shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi fitowa kusa da gwiwa. Ba faɗuwa ke jawo shi ba, ita dai ke sa a lura.

Don Allah kada a murza wurin, kada a ja, kada a yi tsaga. Ƙashin da ƙari ya ci yana iya karyewa a hannun mai ɗori. Ki lallashi Kaka, ki ce a ga hoto tukuna.

Idan hoton ya nuna abin damuwa, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ki riƙe kuɗin MRI sai likitocin can sun faɗi irin wanda suke so, kada ki biya sau biyu. Za su kuma duba huhu, domin can cutar ta fi bazuwa.

Abin da zai tabbatar shi ne ɗibar ɗan tsokar ƙarin a gwada. Wannan kam kada ki yarda a yi shi a ƙaramin asibiti. Likitan da zai yi babbar tiyatar cire ƙarin shi ya kamata ya zaɓi inda za a huda, domin huda a wurin da bai dace ba tana iya jawo yanke ƙafar da za a iya cetowa. Ki tafi da ainihin hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba.