Shayar da jariri yayin allurar rigakafi

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai illa a ba jariri nono a daidai lokacin da ake yi masa allurar rigakafi, saboda tsoron kada ya ƙware. Babu illa, hasali ma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin hakan, domin bincike ya nuna cewa tsotso da ɗumin jikin uwa suna rage zafi da tsawon kuka.

Sharaɗin shi ne ya kama nono sosai kafin allurar ta shiga, ba bayan ya tsandara ihu ba. Da na kai ɗana allurar mako 6 a nan Gombe, na rungume shi, na yaye zanen cinyarsa, ya fara tsotso kafin ma'aikaciyar ta matso. Ya saki nono sau ɗaya, ya yi ƙara, sannan ya koma tsotsonsa.