Sunayen sassan tuƙin jirgin ruwa daga Faransanci zuwa Turanci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gouvernail da safran abu ɗaya ne, tunda ƙamus ya ba ka rudder a duka biyun. Akwai bambanci. Gouvernail shi ne kayan tuƙin gaba ɗaya. Safran kuwa allon nan ne kaɗai da ke nutse a ruwa a bayan jirgi, wanda da ya karkata sai jirgin ya juya, don haka rudder blade za ka sa. Ka yi hattara da na'urar fassara, takan mai da shi saffron, kayan ƙamshin girki.

Sandar da ta taso daga allon ta shiga cikin jirgi ita ce mèche, wato rudder stock.

Barre, wato abin da matuƙi ke riƙewa yana tuƙi, ita ce ke son natsuwa. In sanda ce da matuƙi ke turawa dama da hagu da hannu, barre franche kenan, tiller. Barre à roue kuwa wheel ce. In takardar da kake fassarawa ba ta fayyace ba, sa helm.

Aiguillot shi ne pintle, ƙusar da allon ke juyawa a kai. Fémelot kuma gudgeon, zoben da ƙusar ke shiga. Don Allah kada ka musanya su, domin mai odar kayan gyara da fassararka zai dogara.