Katin banki mai mayar da ragi a gidan mai: ya halatta in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da motoci uku masu jigila tsakanin Maradi da Yamai, kuma gazuwal kaɗai yana cin kusan jika 600 a wata. Wani banki ya yi mini tayin kati: direbobi su sha mai da shi, banki ya biya, ni kuma in biya banki ƙarshen wata, a mayar mini da kashi 2 cikin ɗari. Idan na wuce ranar biya sai su ɗora ƙari, amma ni ba zan taɓa wucewa ba. Akwai kuma katin wani gidan mai da ake zuba kuɗi tukuna. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa nema albarka. Na fahimci abin da ya ja hankalinka. Duk mai motoci ya san damuwar damƙa wa direba tsabar kuɗi da asuba a tasha, ya dawo da rasit ɗin da ba a iya karanta shi, ko ya tsaya bakin hanya ya sha na kwalba. Kati yana rage wannan, kuma neman rangwame ba laifi ba ne.

Sai dai ka fara da takardar da za ka sa wa hannu, kafin ka dubi ragin. Katin farko bashi ne: banki ya biya maka, ya zama kana riƙe da kuɗinsa. Sharaɗin cewa in ka makara za a ƙara maka wani abu, shi ne ainihin ribar jahiliyya, wadda mai bin bashi yake cewa ko ka biya ko ka ƙara. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Lura da kyau, har marubuci da shaida, waɗanda ko dala ba ta shiga aljihunsu ba.

Ka ce ba za ka makara ba. Na yarda da niyyarka. Amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000 a kan wannan mas'ala kai tsaye, ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi mai sharaɗin riba ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Dalili biyu ne. Sa hannun kansa yarda ce da sharaɗin haram. Na biyu kuma ka fi ni saninsa: mota takan kwana uku a Dogon Dutsi injin ya buga, ɗan kasuwar da ka ɗaukar wa kaya ya ce sai kasuwa ta ci, iyakar Ɗan Isa takan rufe ba shiri. Ranar biya kuwa ba ta matsawa. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda yake ƙasar da ba a kama ɗaki ko hayar mota sai da irin wannan kati, saboda lalura. Kai a Maradi kake, gidajen mai suna karɓar kuɗi hannu, babu lalurar da ta matsa ka. Jika 12 a wata ce ragin da ake kwaɗaita maka, kuma ba ta isa dalilin ɗaura wa kai sharaɗin riba ba.

Shi ragin a kan kansa ba shi ne matsalar ba, kada a fahimce ni a karkace. Ƙa'idar da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ita ce rance mai jawo amfani bai halatta ba, ana nufin amfanin da ke komawa ga mai ba da rancen. A nan kai ne mai cin bashin, kyautar kuma gare ka take zuwa. Da za a samu katin da babu ƙarin jinkiri a cikinsa, kuɗin yin katin ƙayyadadde ne daidai da hidima, kuma gidan mai bai ƙara maka farashin lita don ka biya da kati ba, to ya halatta, ragin ma halal ne. Katin da ke cire kuɗi daga asusunka kai tsaye, shi ma babu komai.

Katin gidan mai shi ne ya fi dacewa da kai. Kuɗinka ne ka gabatar don sayen mai, babu bashi a wuyanka, in kuwa sun yi maka ragi, sauƙin farashi ne daga mai sayarwa. Amma ka tambaye su abu biyu kafin ka zuba ko tamma. Ana biyan kuɗin shiga ne na shekara don a samu ragin? In haka ne ka bar shi, domin majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami a Makka ta hana katin rangwame na saye a 2006, saboda kana biyan tabbas ne don abin da ba ka san ko za ka samu ba. In kyauta ake ba da katin, ko kuɗin robarsa kawai ake karɓa, babu laifi. Sannan in ka daina hulɗa da su, sauran kuɗinka zai dawo? Ka sa a rubuta maka wannan.

Abu ɗaya ya rage, ka sanar da direbobinka. In katin na mai mota ne, ragi da makin da suka taru hakkin mai mota ne, direba ba ya cin su sai da izininka. In ka ga dama ka bar musu, ka faɗa musu da bakinka tun farko.

Wallahu a'alam.