Tambaya da amsa: In yaɓe tsohon gidanmu na Zanzibar da siminti kafin ruwa ya sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kai amare da angwaye da iyalai hutu Zanzibar. Bara ni da abokin hulɗata, ɗan can, muka kama hayar wani tsohon bene a cikin Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, don mu mayar da shi masaukin baƙi. Yanzu gindin bangon duk ya jiƙe, yaɓen yana zubowa, ɗakunan sai warin danshi. Ɗan kwangila ya ce a kankare, a shafe da siminti, a bi da fentin hana ruwa, a zuba dekin a sama. Takardar izini kuma shiru kake ji. Ga ruwan watan Maris ya ƙarato, kuɗina sun shiga, barci ya gagare ni. In bar shi ya fara daga ciki, inda ba mai gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari ya farke ko da buhu ɗaya. Gidan da ya kai shekara ɗari yana shan ruwan masika, wato babban ruwan damina na can, ruwan bana ba zai kayar da shi ba matuƙar rufinsa ba ya yoyo. Simintin nan kuwa zai iya.

Wannan magana bakina har ya gaji da ita. Duk wanda ya zo mini da tsohon gini, abin da ke ransa shi ne siminti ya fi komai ƙarfi, saboda haka shi ne magani. To ai ƙarfin nasa ne matsalar. Bangon Stone Town da ɓarɓashin dutsen murjani aka ɗora shi, aka haɗa da ƙasa da farar ƙasar da aka ƙona, wadda maginan can suke kira chokaa. Bango ne mai kauri, mai ƙofofin iska. Yana zuƙar ruwa daga ƙasa, ruwan kuma mai gishiri ne tunda teku na nan kusa, sannan ya fitar da shi ta fuskar yaɓe. Yaɓen da ka ga yana zubowa aikinsa ya yi: shi ya kwashe gishirin, ya mutu a madadin bangon. Ana sake shi ne lokaci zuwa lokaci, dama haka aka tsara.

Ranar da ka rufe fuskar da siminti da fentin roba, ruwan bai daina hawa ba. Hanyar fita ka toshe masa. Sai ya ƙara yin sama, gishirin ya taru a bayan simintin yana cin dutsen. Shekara biyu ko uku kana ganin bango sumul kana sa wa ɗan kwangila albarka. Wata rana ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji yana amsawa kamar babu komai a ciki, ka ɓamɓare falle guda, farin gari ya zubo maka a kan takalmi. A lokacin mutumin naka ya daɗe da cinye kuɗinsa. Kai da ka san abin da yaɓen siminti ya yi wa gidajen tubali a cikin birnin Kano da Zariya, ba sai na ja ka da nisa ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Dekin kuwa ya fi muni. Benayen garin a kan boriti suke zaune, wato azarar itacen da ke tsirowa a fadamar bakin teku, shi ya sa ɗakunan ba su cika wuce faɗin mita uku ba. Bakin kowace azara a cikin bango yake. In danshi ya kai wurin, can za ta ruɓe, inda ido ba ya gani. Ka ɗora mata nauyin kankare da rodi, rodin ya yi tsatsa da iskar gishiri ya kumbura ya tsaga bangon, ka ƙara banɗaki mai tayil a kowane ɗaki, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a jikin gini dare da rana. A ƙarƙashin wannan za ka kwantar da 'ya'yan mutane? Ka tuna Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash na Zanzibar ya gina a Stone Town a 1883: ana tsaka da aikin gyaranta wani sashe ya rufta a ranar 25 ga Disamba 2020, har ma'aikata suka rasu. Gini ne da idon duniya ke kansa. Ina ga bene a cikin lungu da ake yi wa aiki a ɓoye?

Jinkirin takarda yana da ciwo, ban musa ba, kuma na sha cewa ofisoshin da ke jan ƙafa suna da hannu wajen tura mutane ga 'yan ci-da-ceto. Amma tun 2000 garin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, kuma dokar kare shi ta shafi cikin gida, ba fuskar titi kaɗai ba. In aka kama ka, dakatar da aiki ne da asara biyu. Ka sa abokin naka ya riƙa zuwa da ƙafarsa, da hotunan ɓarnar a hannu, ya nemi izinin gyaran gaggawa na rufi daban da na babban aikin.

Kafin Maris rufi kawai za ka bi. A sauya kwanon da ya huje, a yashe indararo, a tabbata ruwan sama yana zuba nesa da gindin bango, a duba ko bututu ne ya fashe a ƙasa. A buɗe tagogi iska ta ratsa. Bayan ruwa ya ɗauke a watan Yuni, a cire duk tsohon facin siminti da hannu, a bar bangon ya sha iska, sannan a yaɓe da chokaa da ta kwana a rami ta nuna, shafi mara kauri, hawa-hawa. Yashin kada ya zama na bakin teku: gishiri ne da shi, kuma ɗibarsa ke sa teku cin gaɓa. Maginan suna nan. Je ka dubi Old Dispensary, tsohon ginin ɗakin shan magani, da gidauniyar Aga Khan ta gyara a gaban tashar jiragen ruwa, ka tambayi su wa suka koyi aiki irin wannan.

Saura ƙofa. In gidan yana da tsohuwar ƙofa mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla, dillalai za su zo maka da farashi mai sa yawu ya tsinke, su ce za su kawo maka sabuwa madadinta. Ka sallame su. Baƙon da ya bar otal-otal na bakin tekun Nungwi, a arewacin tsibirin, ya zo ya kwana a lungu, saboda wannan ƙofar ya zo, da dakalin ƙofar gida inda dattawa ke shan gahawa bayan La'asar. Dakalin ma kada ka rushe shi don faɗaɗa mashiga, na unguwa ne.