Dalilin Fitar da Dashe Rana Kafin a Sayar

Ɗana, jiya da yamma ka tambaye ni abin da ya sa muke kwashe dashen da ya yi kore shar daga ƙarƙashin rumfa mu jera shi a rana, mu kuma rage masa ruwa, alhali mai saye ya fi son ganye mai sheƙi. Kiran sallar magariba ya katse mu, kuma ba zan iya ba ka amsa ba sai na ambaci marigayi Baba, wanda a hannunsa na koyi wannan sana'a, Allah ya jiƙansa.

Baba ya haura shekara 90 a duniya, kuma mafi yawansu a bakin rijiyar nan ya yi su, tun ana ɗaga ruwa da jigo, tun Kazaure tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Da darbejiya da turare ya fara, domin bayan farin 1973 hankalin hukuma da na jama'a ya koma kan shuka itatuwa don tare hamada. Furanni sun shigo ne daga baya, da makarantu da ofisoshi suka fara neman abin ƙawata harabarsu. Da kuɗin dashe ya aurar da 'ya'yansa mata, kuma babu wadda aka kai ɗakinta ba tare da tushen lalle da mangwaro ɗan aure a cikin kayanta ba.

Abin da ya koya mini shi ne, dashen da ya tashi a inuwa yana shan ruwa safe da yamma shagwaɓaɓɓe ne, idan aka ɗaure shi a bayan babur iska ta doke shi, aka dasa shi a tsakar gidan da babu rumfa, da wuya ya kai mako. Saboda haka sati biyu kafin sayarwa muke fara nuna masa hantsi, sannan yini guda, ruwa kuma ya koma sau ɗaya. A lokacin ne za ka ɗaga kowace leda ka yanke saiwar da ta huda ta shiga ƙasa, domin idan ka bari sai ranar ciniki ka fizge ta, dashen zai yi yaushi tun a hanya. Har yanzu ina ganin babban yatsan Baba, wanda ƙasa ta rina farcensa, yana nutsa shi cikin leda har gaɓar farko kafin ya yarda a zuba ruwa. Ita ma fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ƙishirwa ce ke sa ta fure, idan ka cika mata ruwa ganye kawai za ta yi maka.

Wata bazara wani alhaji ya zo da mota yana neman mangwaro arba'in. Baba ya tambaye shi ko akwai rijiya a gonar, da ya ce babu, sai ya ce masa ya dawo idan damina ta kankama. Na ji zafin abin ƙwarai, domin na san rumbun gidan ya yi ƙasa a wannan watan, kuma bakunan da ke ci daga cikinsa suna da yawa. Alhajin ya dawo bayan ruwa ya zauna, kuma yau jikokinsa ne ke shan waɗannan mangwarori.

Gobe bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu, za mu fara da layin gwaiba. Ka ɗauko wuƙar Baba mai ƙotar icce a cikin akwatin rumfa, ka wasa ta tun da dare.