Amsa ga ƙanenmu mai neman mastas a zanen jiragen ruwa masu gudu

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka gabana na faɗuwa, don kamar ni ne na rubuta ta shekarun baya. Ka ce ranka na kan zanen jiragen ruwa masu tsananin gudu, kana tsakanin jami'ar Southampton ta Ingila da ta Michigan ta Amurka, kana son sanin wacce ta fi suna. Don Allah ajiye maganar suna tukuna, ita ce ta kai ni ta baro.

Wata jami'a na je a Turai, ba ta cikin biyun nan, ba kuma zan kama sunanta ba. Saboda malami ɗaya tak na tafi. Na rubuta masa, ya ce in zo, akwai aiki a kan jirage masu sulɓi a saman ruwa. Wata huɗu da isata ya samu aiki a kamfani ya kama gabansa, ko sallama babu. A bakin wani ɗalibi na ji. Ban yarda ba sai da na hau bene na tarar an cire sunansa daga jikin ƙofa, ofishin wayam sai kwalaye. Na zauna a kan matakala, ƙarfe huɗu na yamma amma gari ya yi duhu, ga sanyi. Fili Baba ya sayar ya cika mini kuɗin makaranta. A daren ya kira, na ce masa komai lafiya lau. Har yau in na tuna ƙaryar nan sai zuciyata ta yi nauyi. Malamin nan ya san zai tafi tun lokacin da yake amsa mini wasiƙa, wallahi ya sani, abin da na kasa yafewa ke nan.

Aka miƙa ni ga wani farfesa wanda duk rayuwarsa a kan manyan jiragen dakon kaya ta ƙare. Ya ce mini ai ruwa ruwa ne. Ba haka ba ne. Babban jirgi ture ruwa yake yana tafiya a cikinsa, mai gudu kuwa in ya ɗauki wuta ruwan ne ke ɗaga shi, lissafin ya sha bamban. Sannan tankin gwajinmu ma, wato dogon kwarmin ruwa da ake jan ƙaramin samfurin jirgi a ciki, bai iya ba. Ka lissafa da kanka: jirgin da ke cin mita 20 a daƙiƙa, in ka yi samfurinsa ɗaya bisa goma, ƙa'idar Froude, wadda ake daidaita gudun samfuri da na ainihin jirgi da ita, ta ce sai an ja shi fiye da mita 6 a daƙiƙa. Namu ko rabin haka bai kai ba. A kwamfuta na ƙare komai, ban taɓa jiƙa samfuri ba.

Saboda haka ka tambaye su gudun keken da ke jan samfuri, ka tambaya ko ɗan mastas na samun rana a tankin. Na Southampton da ke Boldrewood tsawonsa mita 138, kuma sun daɗe a harkar ƙananan jirage, amma mastas ɗin Ingila shekara ɗaya ce, kafin ka gane gari an ce kawo aikinka. Michigan kuwa sashe guda na zanen jiragen ruwa suke da shi a Ann Arbor, sai dai a Amurka bincike da yawa na irin wannan kuɗin sojan ruwa ne, wani aikin ba a barin baƙo ya taɓa. Ka tambaya a rubuce tun kafin ka biya ko sisi.

Me ya sa ban ga kwalejin fasaha ta Stevens ta Amurka a jerinka ba? A ɗakin gwajinsu na Davidson da ke Hoboken Daniel Savitsky ya yi aiki, kuma hanyar lissafinsa ta 1964 har gobe da ita ake fara zana irin waɗannan jirage. Ka leƙa Delft ma a Holan, inda Lex Keuning ya fito da goshin jirgi mai siffar gatari da kamfanin Damen ke ƙerawa. A Trondheim ta ƙasar Nowe Odd Faltinsen, babban masanin wannan fanni, ya yi aiki, amma a 2023 Nowe ta sa wa irinmu baƙi daga wajen Turai kuɗin makaranta, kada wani ya ce maka kyauta ce.

Kada gudu kaɗai ya ɗauke maka hankali. Dukan da igiyar ruwa ke yi wa ƙasan jirgi shi ke tsaga jikin jirgin, shi ke lalata bayan matuƙa, kuma a kansa aka fi yi mini tambaya da na fara neman aiki. Ka ɗauki darasin ƙarfin alminiyam da faiba ko da ba ya burge ka. Ka fara koyon Rhino, manhajar zane a kwamfuta, tun kana gida.

Duk inda ka nufa, ka ƙirga malaman da ke wannan fanni. In ɗaya ne, nemi ɗalibansa na yanzu ka ji daga bakinsu. Turo mini sunayen da aka ba ka ta akwatin saƙo, in sha Allahu zan duba maka abin da kowannensu ya wallafa a shekarun nan kafin ƙarshen mako.