Na rage wa motar tsere tsayi, taya na cinyewa ta ciki

Tambaya: Na sa wa motata sababbin shokozoba masu zare irin na noti (na daidaita tsayin mota), na sauke ta da santimita 5. Yanzu tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki, sitiyari yana fizga a kan gargada. Ina matsalar?

Amsa: Malam, saukewar ce ta canza kwanciyar ƙafafun motar. Kan taya ya karkata ciki, tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) kuma ya daina tafiya daidai da lowa-am (ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya da jikin mota), shi ya sa sitiyari ke juyawa da kansa idan taya ta hau tudu. A sa kan tayarod mai daidaitawa, a maido shi layi ɗaya da lowa-am.

Sannan tambayi bakanikenka: a ina ya ɗaure notocin bushin (robar da ke mahaɗar ƙafafun mota)? Idan motar na rataye a kan jak ya ɗaure su, robar ta murɗe, ba za ta daɗe ba. A kwance su, a sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi.

Alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, shi ne ƙarshe. Karkatar kan taya ciki da digiri 2 zuwa 3 ta dace da filin tsere, amma a titi za ta cinye taya.